Ba duk ɓacewar ƙwayar zarra daga ragar haske ce asara ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin mu gyara wata fahimta da ke yawan biyo labaran kwamfutar kwantam da na'urorin da ke aiki da ƙwayoyin zarra masu tsananin sanyi. Kusan duk inda aka kawo labarin, sai a rufe shi da cewa babbar matsalar ita ce ƙwayoyin suna zurarewa daga tarkonsu, kamar dai bokiti ne ya huje, a liƙe shi kowa ya huta. Maganar ba ƙarya ba ce, amma rabinta aka faɗa. Yawan waɗanda suka ɓace bai kai yadda suka ɓace muhimmanci ba: ɗai-ɗai ne, ko bibbiyu, ko uku-uku, sannan cikin jinsin ƙwayoyi biyu, ƙwayar bozon ce ko famiyon. Akwai ɓacewar da ke kashe gwaji, akwai wadda ba ta yi masa komai, akwai kuma wadda masu bincike ke kunnawa da hannunsu don ta yi musu aiki.

Bari mu fara da wurin da abin ke faruwa. Idan aka haska leza biyu masu zango ɗaya suka fuskanci juna, hasken yakan tsaya cak ya yi layi-layi, nan haske nan duhu. Ƙwayar zarra tana jin layukan nan a matsayin tudu da kwari, sai ta gangara kwari ta zauna. In aka yi haka ta fuska uku, gabas da yamma, kudu da arewa, sama da ƙasa, sai a sami gurabe jere reras irin na ƙwayoyin da ke cikin ƙarfe. Wannan ita ce ragar haske. Tazarar gurbi da gurbi rabin zangon lezar ce, don haka leza mai nanomita 1064, wadda ake yawan amfani da ita, tana ba da tazarar nanomita 532. Zurfin gurbi kuwa ana auna shi da ƙarfin naushin da ƙwaya ke sha idan ƙwayar haske guda ta buge ta. Ga rubidiyam-87 a wannan leza, naushi ɗaya ya yi daidai da zafin kusan nanokelbin 100, kuma nanokelbin kashi ɗaya ne cikin biliyan na digiri a saman sifirin ƙarshe, wato sanyin da babu wanda ya fi shi. Ke nan gurbi mai zurfin naushi 20 bai wuce maikrokelbin 2 ba, wato nanokelbin 2,000. A riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

Abu biyu ke jan zaren rayuwar ƙwaya a cikin raga. Na farko kurɗawa, wato ƙwaya ta ratsa tudun da ke tsakaninta da gurbin maƙwabta ba tare da ta hau shi ba, ana yi mata laƙabi da J. Na biyu turereniya tsakanin ƙwayoyi biyu da suka haɗu a gurbi ɗaya, ita ce U. In kurɗawa ta rinjaya, bozon sukan bazu su zama ruwa marar tirjiya. In turereniya ta rinjaya, kowace ta kame a gurbinta, a sami abin da ake kira daskarar Mott. Dieter Jaksch da Peter Zoller da abokan aikinsu ne suka nuna a 1998 cewa za a iya ganin wannan sauyi a ragar haske, Markus Greiner da Immanuel Bloch da tawagarsu kuma suka gan shi a Munik a 2002 da rubidiyam-87, wajen zurfin naushi 13.

Bambancin bozon da famiyon ba shi da wahalar ganewa: a ƙirga niyutiron ɗin ƙwayar. In adadin ya rabu biyu daidai, bozon ce, in ya bar saura, famiyon ce. Rubidiyam-87 tana da 50, bozon. Fotasiyam-40 tana da 21, litiyam-6 tana da 3, duka famiyon. Itabiyam-174 bozon ce, 'yar'uwarta itabiyam-173 famiyon. Bozon iri ɗaya ko dubu nawa ne suna iya shiga hali ɗaya. Famiyon iri ɗaya guda biyu ba sa yi, dokar Pauli ta hana. Sai dai in sun bambanta a juyi, wato ɗan maganaɗisun da kowace ƙwaya ke ɗauke da shi, ɗaya na kallon sama ɗaya na kallon ƙasa.

To, ɓacewar ɗai-ɗai ita ce wadda ta yi kama da yoyon bokiti. Komai zuƙe iskar da aka yi wa ɗakin ƙarfen da ƙwayoyin ke ciki, sai an bar saura. Ana gasa ɗakin ƙarfen a zafin digiri 150 zuwa 250 na kwanaki, wani lokaci makonni, a haɗa masa famfunan zuƙa iri-iri, har iskar da ta rage ta koma kusan kashi ɗaya cikin tiriliyan ɗari na wadda muke shaƙa. Abin da ke saura galibi haidirojin ne da ke tsattsafowa daga jikin ƙarfen kansa. Wannan haidirojin yana yawo da zafin ɗaki, kelbin 300. A kwatanta da maikrokelbin 2 ɗin can: ninki miliyan 150 ne. Ko gogar ƙwaya ya yi a wucewa, ta tafi ke nan, kuma bai san bozon ba bai san famiyon ba, kan mai uwa da wabi yake yi. A na'ura mai kyau ƙwaya takan yi daƙiƙa gommai, ko minti ɗaya da wani abu, kafin ta gamu da wannan ƙaddara. Shi ya sa ake raba ɗakin biyu, inda ake tara ƙwayoyi daban, inda ake gwaji daban, a haɗa su da siririn bututu.

Minti ɗaya kamar ya isa, tunda gwajin kansa sau da yawa bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Minti ɗayan na ƙwaya guda ne. In kana da ƙwaya 100, ta farko za ta ɓace cikin kusan kashi shida cikin goma na daƙiƙa, kuma a gwajin daƙiƙa ɗaya sau 19 kacal cikin 100 za ka gama da ƙwayoyinka cif. In 1,000 ne, ta farko ta tafi cikin milidaƙiƙa 60. Dabarar da aka saba ita ce a ɗauki hoto a ƙarshe, a ƙirga, a zubar da duk zagayen da adadinsa bai cika ba. Tana aiki ga ƙwayoyi goma ko ashirin. Da an doshi ɗaruruwa, kusan komai za ka zubar.

Hasken ragar ma ba ya rasa nasa laifin. Lokaci-lokaci ƙwaya takan haɗiye ƙwayar haske ta tofar, ta sami ƙarin kuzarin naushi biyu. Sau ɗaya ba ya fitar da ita, amma yana ɗumama ta, ya ture ta zuwa hawa na sama a gurbinta, inda kurɗawa ta fi sauri, daga nan kuma hanyar waje a buɗe take. Maganin shi ne a nisantar da launin lezar daga launin da ƙwayar ke amsawa, wanda ga rubidiyam nanomita 780 ne. Zurfin gurbi yana raguwa daidai da nisan, haɗiyar haske kuwa tana raguwa da nisan sau kansa. In ka ninka nisa ka ninka ƙarfin leza, zurfi yana nan yadda yake, haɗiya ta ragu da rabi. Wasu kurakuran kuma na hannu ne. Makunnin leza na lantarki ba ya rufewa ruf, ɗan hasken nanomita 780 da ya sulale ta cikinsa ya isa ya share gajimaren ƙwayoyin, don haka dole a sa marfi na ƙarfe a gabansa. Ƙarfin lezar raga kuma in yana rawa da saurin da ya ninka kaɗawar ƙwaya a gurbinta sau biyu, sai ya riƙa lilo da ita har ya wurgar.

Yanzu ga inda bozon da famiyon suka raba hanya. Dunƙulen Bose da Einstein, wanda Eric Cornell da Carl Wieman suka fara samu a Boulder ta Amurka a 1995, duk ƙwayoyinsa hali ɗaya suke ciki. Cire ɗaya ba ya canza halin sauran, sun ragu ne kawai. Ruwa marar tirjiya yana jure ɓacewar ɗai-ɗai fiye da yadda mutum zai zata. Daskarar Mott ba haka take ba: duk ƙwayar da ta fita ta bar rami, ramin kuma ba ya zama wuri ɗaya, maƙwabciya ta kurɗo ta cike shi, nata gurbin ya zama rami, haka zai yi ta yawo.

Famiyon su suka fi shan wuya, kuma dalilin ya cancanci a tsaya a kansa. Tunda ba sa raba hali, sai su jeru hawa-hawa, daga mafi ƙarancin kuzari har zuwa wani tsayi da ake kira matakin Fermi. Haidirojin ɗin can ba daga sama yake ɗiba ba, daga ko'ina yake zara. In ya zare ta ƙasa, ya bar rami a tsakiyar jeri, wata ta sama ta faɗo ciki, kuzarin faɗuwar tata ya bazu cikin sauran ya zama zafi. Eddy Timmermans ya yi wannan gargaɗi tun 2001, shekara biyu bayan Brian DeMarco da Deborah Jin sun sanyaya fotasiyam-40 zuwa wannan hali. Lissafin gajere ne. Ga gas ɗin famiyon da ke cikin akwati, matsakaicin kuzarin ƙwaya kashi uku cikin biyar ne na matakin Fermi, don haka kowace ɓacewa tana barin kusan kashi biyu cikin biyar a baya. Gas mai sanyi irin wannan kuma kuzari kaɗan ke ɗaga zafinsa. Ko da daga sifirin ƙarshe ka fara, rasa ƙwaya ɗaya cikin ɗari zai kai ka kashi 4 cikin ɗari na zafin Fermi, wato zafin da ya yi daidai da matakin Fermi, rasa goma cikin ɗari ya kai ka wajen kashi 13. Mai kallon adadi kawai zai ce ai 99 suna nan, alhali abin da aka sha wahalar nema, wato sanyin, ya riga ya tafi.

A cikin raga abin ya fi haka ciwo. Babban burin masu aiki da famiyon shi ne su ga juyi ya jeru ɗaya sama ɗaya ƙasa, tsarin da ake kyautata zaton yana da hannu a yadda wasu mahaɗan tagulla ke ɗaukar lantarki ba tirjiya. Ƙarfin da ke riƙe wannan jeri shi ne J sau J sau huɗu a raba da U, wanda in U ta ninka J sau takwas rabin J ne kawai. Tawagar Greiner a Harvard ta ga jerin ya mamaye gurabe kusan 80 a 2017, a zafin rubu'in J. Ramin da ya shiga irin wannan jeri duk takun da ya yi sai ya bar juyi a karkace a bayansa. Ba a banza ake zaɓar litiyam-6 ba: ta fi rubidiyam-87 rashin nauyi sau goma sha huɗu da ɗoriya, komai nata yana gudana da sauri, a gama gwaji kafin ɓacewa ta cim mata.

Ɓacewar uku-uku kuwa a nan famiyon ke ramawa. Ƙwayoyi biyu ba sa iya ƙulluwa su zama molekul su kaɗai, domin babu mai ɗauke rarar kuzarin ƙullin. In ta uku ta zo, ita ke kwashe kashi biyu cikin uku, molekul ɗin ya tafi da kashi ɗaya, dukansu su fice daga tarko. A gurbi mai ƙwaya n, saurin abin yana bin n sau n ban da ɗaya sau n ban da biyu. Gurbi mai ɗaya ko biyu, sifiri. Mai uku, 6. Mai huɗu, 24. Mai biyar, 60. Tunda tarko yana tara ƙwayoyi a tsakiya, tsakiyar gajimaren bozon ce ke fara rubewa, gefe na nan lafiya. Wanda yake son daskarar Mott mai tsabta sai ya rage adadin da ya zuba, ko ya sassauta matsin tarko, ya tabbata babu gurbin da ya wuce biyu. Bozon da ba su dunƙule ba ma sun fi saurin ɓacewa, don suna son cincirindo. Lissafi ya ce ninki shida a kan dunƙule mai cunkoso iri ɗaya, gwajin da aka yi a Boulder a 1997 ya sami 7.4, wanda ya yi daidai in aka lura da kuskuren awo. Kuma in aka murɗa maganaɗisu don ƙara musu turereniya, ɓacewar tana hawa da ma'aunin turereniyar sau kansa har huɗu: ka ninka shi sau goma, ta ninka sau dubu goma.

Famiyon masu juyi iri biyu ba su san wannan ba. Cikin kowace uku dole biyu su zama iri ɗaya, Pauli kuma ba zai bar su su kusanci juna ba, a hawan ƙasa na raga ma gurbi ba ya ɗaukar fiye da biyu. Shi ya sa ake kai litiyam-6 wajen ƙarfin maganaɗisu na gaus 832, inda hulɗarta ta kai maƙura, ta zauna lafiya. Da aka ƙara juyi na uku a Heidelberg a 2008, kariyar ta faɗi, ɓacewa ta dawo da ƙarfinta.

Sai ɓacewar bibbiyu, wadda ita ce ainihin dalilin wannan wasiƙa. Akwai ƙwayoyin da in biyu suka haɗu a gurbi, nan take su halaka juna: molekul masu saurin narkewa cikin juna, ko ƙwayoyin da aka ɗaga zuwa wani hali mai kuzari, ko waɗanda aka haska wa leza ta musamman da ke ƙulla duk biyun da suka haɗu. Hankali zai ce ƙara saurin halakar, gas ya ƙare da wuri. Haka ne, amma zuwa wani matsayi. Da an wuce shi sai abin ya juye, ƙara saurin halaka ya riƙa rage ɓacewa.

Ga lissafin a fili. A fara da ƙwaya ɗaya a kowane gurbi. Kafin a yi asara sai ɗaya ta kurɗa wajen maƙwabciyarta. In muka kira saurin halakar G, saurin ɓacewar gaske yana bin J sau J sau G, a raba da jimlar U sau U da rubu'in G sau G. A ɗauki J 50, U 1,000, a ma'auni ɗaya. In G 200 ce, amsa kusan 0.5. In ta zama 2,000, amsa 2.5, nan ne ƙololuwa. In ta zama 20,000, amsa ta koma kusan 0.5. Wato gas ɗin da halakarsa ta ninka ta wani sau ɗari, tsawon ransu ɗaya. Daga nan kuma duk ninki goma da ka ƙara wa G, ran gas ɗin ya ƙaru sau goma.

Sunan wannan abu tasirin Zeno, daga masanin Girka na dā da ya yi gardamar cewa kibiyar da ke tafe a tsaye take a kowane ƙiftawar ido. Misra da Sudarshan suka nuna a 1977 cewa a duniyar kwantam abin da ake yawan dubawa ba ya samun damar canzawa, aka tabbatar da haka a 1990 da beriliyam a ɗakin gwajin David Wineland. A raga, halakar ita ce mai dubawa. Duk ƙiftawar da babu biyun da suka ɓace, an tabbatar babu gurbi mai biyu, kurɗawar da ta fara somawa sai ta koma sifiri ta sake daga farko. Wanda bai gamsu da wannan bayani ba ya tuna da madubi. Ƙarfe yana tsotse haske da tsananin gaske a 'yar fatar samansa, kuma wannan tsananin ne ke sa hasken ya kasa shiga, ya dawo.

Tawagar Gerhard Rempe a Garching ta Jamus ce ta fara nuna wannan a gas mai yawa a 2008, da molekul na rubidiyam biyu-biyu da aka jera a siraran bututun haske. Molekul ɗin bozon ne, amma sai suka riƙa gudun juna tamkar famiyon, ba don turereniya ba, don halakar da ke jiransu. A Innsbruck ta Ostiriya, a 2012, an ga ɓacewar uku-uku tana hana siziyam kurɗawar da za ta tara uku a gurbi, abin da Andrew Daley da abokansa suka hango a 2009. A Kiyoto ta Japan, tawagar Yoshiro Takahashi ta kafa daskarar Mott da itabiyam-174 a 2017, ta kunna lezar ƙulli, ta riƙa rage zurfin raga a hankali. Daskarar da ya kamata ta narke sai ta yi jinkiri, lezar da aka kunna don ta cinye ƙwayoyi ita ta riƙe su a gurabensu. Herwig Ott a Kaiserslautern ya bi ta wata hanya, ya harba siririn zaren ilektiron a wuri ɗaya cikin dunƙulen rubidiyam. Da ya ƙara ƙarfin zaren, adadin ƙwayoyin da ake fizgewa ya hau, ya kai ƙololuwa, ya sauko, domin sauran sun daina kwararowa wurin.

Ga famiyon labarin ya fi armashi. A Boulder an gano a 2010 cewa molekul na fotasiyam da rubidiyam, waɗanda famiyon ne, in duk juyinsu ɗaya ne da ƙyar suke narkewa cikin juna, amma in aka gauraya juyi biyu saurin ya ninka sau goma zuwa ɗari. Da aka kulle su ɗai-ɗai a raga mai zurfi a 2012, sun kai daƙiƙa 25. To a raga mai halakar bibbiyu, waɗanne biyu ne ke iya haɗuwa a gurbi? Sai waɗanda juyinsu ya soke juna ƙaf, jimlarsu sifiri. Duk biyun da suka ɓace ba su tafi da juyi ko kaɗan ba, jimlar juyin gas ɗin tana nan, ƙwayoyin da ke ɗauke da ita ne ke raguwa. Ana tafe ana tafe, sai a wayi gari waɗanda suka rage duk sun shiga wani hali na tarayya da babu biyun da za su iya haɗuwa a cikinsa, ɓacewa ta tsaya cak. Michael Foss-Feig da Ana Maria Rey da abokan aikinsu sun hango haka a 2012, sun kuma nuna cewa halin da ake ƙarewa a ciki sarƙaƙƙe ne irin na kwantam, wanda ke da amfani ga agogon zarra. Tawagar Klaus Sengstock a Hamburg ta gwada da itabiyam-173 a 2018: ɓacewa mai sauri da farko, daga nan shiru. A 2023 Kiyoto ta nuna juyin maƙwabta da ke saɓa wa juna ya koma bin juna, saboda halaka ta tsince masu saɓanin. A ganinmu wannan ne sakamako mafi nauyi a duk fagen, domin ba a sanyaya komai ba, rairaya kawai aka yi, tsari ya fito.

Kada dai a ɗauka kyauta ce. Zeno yana rage ɓacewa, ba ya kashe ta, ban da irin halin famiyon da muka ambata, shi ma ɗan bambancin maganaɗisu daga gefe zuwa gefe ya isa ya warware shi ɓacewa ta dawo. Kuma in G ta yi girman da ta kai tazarar hawa da hawa a gurbi, lissafin hawa ɗaya da muka kawo ya daina aiki. Da wannan aka ci karo a Boulder a 2014, sai da aka shigar da hawa na sama kafin lissafi ya dace da awo.

Ta yaya ake gane wace ɓacewa ke damun na'ura? A riƙe gas na wani lokaci, a ɗauki hoto, a ƙirga. Hoton yana halaka gas ɗin, saboda haka kowane ɗigo a jadawali sabon zagaye ne daga farko. In adadi yana rabewa biyu a tsawon lokaci iri ɗaya ko da yawa ko kaɗan, ɗai-ɗai ce. In ɗaya-bisa-adadi ne ke hawa a miƙe, bibbiyu ce. In sai an ninka ɗaya-bisa-adadin sau kansa kafin layi ya miƙe, uku-uku ce. Daga nan a canza abu ɗaya kawai: a rage cunkoso, ko a rage ƙarfin leza, a ga wanne ya motsa layin. Inda ake yawan faɗawa rami shi ne mantawa da cewa cunkoson tsakiya da na gefe ba ɗaya ba ne, kuma gas yana ɗumama yana faɗaɗa yayin da ake riƙe da shi. Ko an kiyaye wannan, siraran bututu suna da nasu hali. Lissafin Davide Rossini da Leonardo Mazza da abokansu na 2021 ya nuna cewa bozon masu tsananin halaka a layi ɗaya, a can ƙarshe, in lokaci ya ninka sau ɗari adadinsu sau goma kawai yake raguwa, ba sau ɗari ba. Wanda ya tilasta wa irin wannan awo tsohon lissafi zai fito da lamba mai kyan gani wadda ba ta nufin komai.

Kyamarar ma tana ɓatar da nata. Madubin da ke ganin gurbi ɗai-ɗai, wanda aka fara a Harvard a 2009 da Garching a 2010, aka kai shi ga famiyon a 2015, yana haska ƙwayoyi ne su yi ƙyalli. Hasken nan yana sa duk biyun da ke gurbi ɗaya su yi karo su fice tun kafin hoto ya kama. Gurbi mai biyu sai ya fito wayam, mai uku ya fito da ɗaya. Baƙin ɗigo a hoto yana iya zama rami na gaske, ko biyun da kyamara ta kora, ko ƙwayar da ta ɓace ana cikin ɗauka. Ana raba na farko da na biyu ta hanyar rarraba mazauna gurbi zuwa gurabe biyu kafin a haska. Na uku kuwa sai an ɗauki hoto biyu a jere an gwama su.

Game da kwamfutar kwantam da muka fara da ita, gaskiya ne an sami hanyar cike gurbi. A 2025 tawagar Mikhail Lukin a Harvard ta riƙe ƙwayoyi sama da 3,000 fiye da awa biyu, tana jigilar sababbi a kan ragar haske mai tafiya tana maye waɗanda suka ɓace. Wannan yana yiwuwa ne domin kowace ƙwaya tana tarkonta ita kaɗai, an san gurbin da ya zama wayam, kuma kuskuren da aka san wurinsa ya fi sauƙin gyara a kan wanda ba a sani ba. Famiyon da ke kurɗawa cikin juna a raga ba sa karɓar wannan magani. Sabuwar da aka jefa musu ba ta da alaƙar juyi da kowa, kuma shigarta ma ƙarin zafi ce a kan wanda ramin ya riga ya bari.

Mun gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Daga wasu malaman fiziya masu bibiyar jaridarka.